Tiyub Mai Faci Uku

Goran babana ya fashe bara,
ba a ruwa ba, a gindin rumbu.
Akuya ce ta turo shi.
Shekara talatin yana ɗaukar ƙato a Kangimi,
ƙarshensa ya zo a ƙahon akuya.

Na nemi wani har Maraban Jos,
aka ce masu shuka irin wannan duma sun koma masara.
Shi ya kai ni Panteka ranar Talata,
da dubu shida a aljihun ciki
da igiyar da na auna ƙuguna.

Jatau mai faci bai ko tashi ba.
Ya dube ni daga hula zuwa silifa
kamar mai taya rago:
“Buhu nawa ne kai?”
Na ce ɗaya da 'yan kai.
Ya ce, “To manta da na tasi,
wannan na yara ne masu wanka a ƙarƙashin gada.
Na tarakta kuwa ɗaki ne guda,
iska na tasowa sai ka kwana a gaɓar da ba taka ba.
Na tirela ne naka.”

Ya jawo uku daga ƙarƙashin benci.
Na fari sabo, da hoda a jikinsa.
Ya murza shi da yatsa biyu, ya taɓe baki:
ɓawon albasa.
Na biyu ya sha rana har ya yi furfura,
ana ja yana nuna faso.
Na uku baƙi wuluk, kauri kamar ƙirgin sa,
faci uku a gefe ɗaya.
Ya je Ikko ya dawo ba adadi
ƙarƙashin tumatir da shanun mutane.

Injin ya yi tari sau biyu, ya kama.
Tiyub ya kumbura, ya zama ƙaton sifili.
Jatau ya danna shi cikin rabin duro
yana juyawa taƙi bayan taƙi.
Muka sunkuya mu biyu, ba mai magana.
Kumfa muke jira,
ko guda, ko kamar ƙwayar gero.
Ya tofa yawu a bakin bawul.
Yawun ya zauna, bai motsa ba.

“Bawul ya kalli ƙasa, in kana son cinyarka.
Buhun taki a tsakiya, ninki biyu, ɗaurin huhun goro.
Kada ka cika shi tam da asuba,
rana za ta ƙara nata.
Kurungu kuma, kar ya hau kansa da ƙaya.”
Na ce, ni za a koya wa kurungu?
Ya ce, “Kai ka san kifi. Roba tawa ce.”
Biyar da rabi muka daidaita,
ya ɗora mini gam da guntun roba a gyara.

Jiya na sauka bayan sallar asuba.
Gora ciki gare shi:
abin da ka kama a nan kake zubawa,
yana dukan bango, kana ji a ƙirjinka.
Wannan ba komai a cikinsa sai iskar Panteka.
A zaune nake kamar mai jiran shayi,
ƙafafu na lilo a sanyi,
gari na wayewa a kan ruwa kafin ya waye a tudu.
Karfasa bakwai, tarwaɗa ɗaya mai gemu.
Amma ko da fatsa ke rawa
kunnena na kan facin nan na uku,
wanda gefensa ya ɗan ɗaga.
Bai ce komai ba. Ni ma ban ce ba.

Yanzu yana tsakar gida, a inuwa.
Jikana Sallau ya shige tsakiyarsa
yana tuƙa tirela da baki, wai Ikko za shi.
Rabin goran baba na can gindin rumbu,
kaji na shan ruwa a ciki.